Me Gorar Ta Ce?

An yi wani mai gyaran fanka wanda tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". In ka tsaya tambayar wani hanya, kafin wancan ya buɗe baki shi ya nuna maka da yatsa, in ka ɓace kuma ya ce kai ne ba ka iya bin kwatance ba. Kowace magana aka ɗauko, daga ciwon haƙori har dalilin da ya hana jirgin sama faɗowa, amsarsa ɗaya ce: "Ai na riga na sani." Da mutanen layi suka gaji, sai suka laƙaba masa Nasani. Maimakon ya ji haushi, sai ya kira mai fenti ya rubuta masa allo da jan fenti, ya kafa a saman shagonsa da ke manne da ƙofar gidansa: NA RIGA NA SANI, GYARAN FANKA DA SAURANSU. Wannan "sauransu" ɗin ita ta hallaka rediyo uku da dutsen gugar maƙwabta, Allah ya ji ƙansu.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Nasani a maƙogwaro, wato usur. Masu shagunan layin suna da ƙungiya, duk shekara sukan rufe shaguna su tafi bakin wani tafki, su kafa tanti su kwana ɗaya su huta. Wanda ke rataye da usur shi ne jagoran tafiya, in ya busa a hau, in ya busa a sauka. Shekara tara usur ɗin nan yana wuyan yayan matar Nasani, wani direban bas mai ƙaton ciki, saboda shi ke kawo mota kuma shi ke loda jarkokin ruwan sha. Wani abin takaicin, Direba bai taɓa kiran Nasani da sunansa ba, sai dai "Mijin Auta".

Saura kwana uku a tafi, sai ga Nasani ya dawo daga kasuwa rungume da kwali, yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir. Ya dire shi a kan teburin aikinsa, teburin ya yi gefe kamar kullum, don ƙafarsa ɗaya gajeruwa ce.

"Uwar yara! Fito ki ga abin da zai sauke yayanki daga mulki!"

Ta fito tana goge hannu da gefen zani. Ya zaro wata shuɗiyar gora mai faɗin baki, da murfi mai ɗan hanci na sha.

"Gorar tace ruwa kenan. Ki ɗebo ruwan kwata ki zuba, ya fito kamar hawayen jariri. Da wannan a hannuna, wa ke bukatar jarka? In ba jarka kuwa, wa ke bukatar Direba?"

"Wa zai tuƙa ku?"

"Tuƙi daban, usur daban."

Ta leƙa cikin kwalin. Akwai takarda a ninke, da wani farin abu kamar guntun rake naɗe a leda.

"Baban yara, wannan farin abin fa?"

"Cikon kwali ne. Kamfani ke sa shi don kada gora ta yi ta ƙwanƙwasa a hanya. Na riga na sani." Ya sunkuya ya cusa shi a kwance ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin. Tebur ya tsaya cak. "Kin gani? Ko sharar gorar nan aiki take yi."

Ya jefar da takardar, ita kuma ta tsince ta. Matar nan ba ta yi makaranta ba, a littattafan 'ya'yanta ta koyi karatu bayan ta girma, shi ya sa ba ta iya ganin rubutu a ƙasa ta wuce. Ta ɗora yatsa a layin farko, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ta fara haɗa baƙi a hankali.

"Takardar ta ce..."

"Ta ce, ta ce! Ke kullum ta ce. Ni gorata tacewa take yi, ba cewa ba. Takarda ta wanda bai sani ba ce."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ninke takardar ta ƙulle a gefen zani.

Kafin la'asar Nasani ya isa shagon Mai Aski, inda duk maganar layin ke taruwa. Akwai mutum shida a benci, da Baba Maigadi a kusurwa, tsohon da kunnensa ya yi ritaya shekara goma kafin shi.

"Jama'a, a matsa a ba ilimi wuri. Ga gorar tace ruwa!"

Baba Maigadi ya kama kunne da tafin hannu. "Gorar ta ce ruwa? Ikon Allah! Magana take yi?"

"Tace, Baba, tace! Tacewa!"

"To me ta ce bayan ruwan?"

Benci ya kwashe da dariya. Nasani bai kula ba, ya ɗebi ruwa daga tulun Mai Aski ya zuba a gora, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kai! Kamar an jiƙa ƙanƙara da zuma."

Mai Aski ya tsaya da almakashi a sama. "Malam, ruwan tuluna dama mai kyau ne. In gorar ta isa, a ba ta aiki." Ya ɗauki kofin shayinsa da ya huce ya juye a ciki. Nasani ya girgiza gorar sau bakwai, don a cewarsa haka ake tada injin, ya tsiyaya a kofi. Shayi ya fito shayi, har da ɗan ganyensa yana iyo.

Nasani ya dubi kofin, ya dubi jama'a, ya yi murmushin tausayi.

"Kun ga hankali ko? Ta san shayi ba datti ba ne. Wace gorar kirki za ta ɓata wa mutum shayinsa?"

"A kawo gishiri," in ji wani daga benci.

Aka dama gishiri cikin cokali uku a ruwa, aka ɗura. Nasani ya ɗaga gora ya yi kurɓa ɗaya babba. Wuyansa ya miƙe, jijiyoyinsa suka fito, idanunsa suka cika taf. Ya haɗiye da ƙyar kamar mai haɗiyar ƙusa.

"Yaya dai? Kuka kake yi?"

"Hawayen farin ciki ne," in ji shi, murya a shaƙe. "Garɗi!"

"Ba ni in ɗanɗana."

"Baki ɗaya take ganewa tukuna. Sabuwa ce, sai ta saba da mutane."

Ana cikin haka sai ga Direba ya shigo, usur na lilo a kan cikinsa ko da yake tafiya sai gata. Aka ba shi labari da ƙari da gyara.

"Mijin Auta, wai kai za ka shayar da mutum ashirin da gora ɗaya?"

"Da tafki guda a gabana? Har da shanun da ke wucewa, Yaya."

"In ta kasa fa?"

"In ta tace ruwan tafkin nan a gaban kowa, ka cire usur ka rataya mini. In ta kasa, ka faɗi abin da kake so."

Direba ya shafa ciki ya yi tunani. "Allonka. A goge, a rubuta BAN SANI BA. Da jan fenti, yadda na nesa zai gani."

Allon nan ya fi masa rigar jikinsa. Amma ido goma sha takwas na kansa, ga Baba Maigadi yana tambayar ko gorar ta ƙara cewa wani abu.

"Na yarda. Ku shaida."

"Mun shaida!" in ji benci. Direba ya ce shi dai jarkokinsa shida suna nan, ba zai bar bayin Allah su mutu da ƙishi saboda gorar Mijin Auta ba.

Wannan maganar ce ta hana Nasani sakat. Muddin akwai jarka, wa zai kalli gora? A gida kuma matarsa ta bi shi da takarda. Ran farko ta ce, "Baban yara, na kai layi na huɗu, akwai hoton farin abin nan." Ya ce hoton gargaɗi ne, wato a jefar. Rana ta biyu ta ce, "Na ga an zana kibiya daga farin abin zuwa cikin murfi." Ya ce ta riƙe takardar a juye. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ci gaba da bin layi da yatsa.

Ranar tafiya, bas na tsaye a ƙofar gidansu, kaya a sama an rufe da tamfol. Bayan sallar asuba Direba ya shiga wurin ƙanwarsa ya karya, kuma kowa ya san in Direba ya zauna gaban kwano sai an ga gindin kwanon. Nasani ya haye saman bas, ya sauke jarkoki shida ɗaya bayan ɗaya, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya jera su cikin shago ya kulle. A gurbinsu ya cusa kwalayen fanka marasa komai, ya ja tamfol ya ɗaure. Tudun ya tashi daidai yadda yake. Ya shiga mota a karkace, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya rungume da gora.

Tafiyar awa biyu ce, Nasani ya mayar da ita lacca. Ya bayyana cewa a cikin bangon gorar akwai ƙananan ramuka dubu da ido ba ya gani, kowane rami da aikinsa, wannan na ƙura, wancan na ciwon ciki. Mai Aski ya tambaya wanne ne na gishiri, ya ce yana hutu.

Suka isa rana ta fara zafi. Aka kafa tantuna biyu, na uku Nasani ya ce a bar masa, ya riga ya sani. Da aka dawo ta kansa, sai aka tarar da tantin a kife shi kuma yana ciki yana neman ƙofa. Zufa ta jiƙa kowa, harsuna suka bushe. Direba ya busa usur.

"A sauke ruwa!"

Aka kwance igiya, aka yaye tamfol. Iska ta zo ta kwashi kwalaye shida ta yi tafki da su, suna birgima kamar kaji.

Direba ya daɗe yana kallon saman motarsa. Sannan ya juyo a hankali.

"Mijin Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina jarkokina?"

"Suna hutawa. Shekara tara suna wahala." Nasani ya haye wani dutse ya ɗaga gora sama. "'Yan uwa, yau za ku ga ƙarshen zamanin jarka! Ku yi layi, babba gaba, kowa kurɓa uku!"

"Wallahi in na kama ka, kurɓa ɗaya zan yi maka," in ji Direba, mutum huɗu suna riƙe da shi.

Ba yadda za a yi, ƙishi ya fi fushi ƙarfi. Mutum goma sha tara suka bi Nasani zuwa bakin ruwa. Tafkin ya ja baya a wannan shekarar, bakinsa duk sawun shanu, samansa kore shar da gansakuka. Nasani ya naɗe ƙafar wando ya taka da isa. Taku na farko laka ta karɓi takalminsa na dama. Taku na biyu ta karɓi na hagu. A na uku ya zauna daɓas, amma gorar na sama, bai bari ta taɓa ƙasa ba.

"Da gangan ne! Daga ƙasa ake ɗiban na kirki!"

Ya nutsa gorar har wuyan hannu, ta yi ɓul-ɓul-ɓul ta cika, ya murɗa murfi, ya rarrafo waje. Ya girgiza ta sau bakwai. Da yake shuɗiya ce ba a ganin cikinta, kowa sai ya zuba wa bakinsa ido.

"Bismillah," in ji shi, kuma wannan ce kaɗai maganar hankali da ya yi a ranar.

Ya kafa kai. Ruwa ya ƙi zuwa. Ya zuƙa, shiru. Ya tattara ƙarfinsa ya zuƙa har kunnuwansa suka motsa, sai wani abu ya ɓalle fat, bakinsa ya cika. Kumatunsa suka kumbura. A cikin kumatun nan kuma wani abu mai wutsiya yana ta iyo, yana gaisawa da haƙoransa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya garɗin?" in ji Mai Aski.

Nasani ya ɗaga babban yatsa.

"To haɗiye mana."

Ya girgiza kai, wai yana jin daɗinsa ne tukuna. Koren ruwa ya fara zirara ta gefen bakinsa. Baba Maigadi ya ratso jama'a da sandarsa, ya kawo kunnensa dab da gorar.

"Ku yi shiru in ji. Yau me ta ce?"

Daga cikin gorar, a fili, kowa na ji, aka ce: "Ƙwaaƙ."

Baba Maigadi ya yar da sanda. "Allahu akbar! Ta yi magana! Kwana uku ina gaya muku, kuna ce mini kurma!"

Nan Nasani ya fesar. Talibambam biyu suka faɗo kan rigar Direba suna wutsil-wutsil. Gorar ta suɓuce, murfi ya buɗe, wani ɗan kwaɗo ya leƙo, ya dubi taron, ya yi tsalle ya koma gida. Mai Aski ya faɗi ƙasa yana dukan yashi. Wani kuma, dariya ta shaƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya, ga shi ba ruwan da za a ba shi. Direba kuwa ya karɓe hannunsa daga masu riƙo, Nasani ya ga haka ya zuba da gudu ba takalmi. Suka zagaya bas sau uku, usur na busa kansa a kan cikin Direba, fit, fit, fit.

A zagaye na huɗu Nasani ya kusa karo da wata a-kori-kura da ta tsaya tana huci. A bayanta jarkoki shida. A gaba, kusa da mai motar, matarsa ce zaune da jaka a cinya.

"Sannunku da hutawa," in ji ta tana saukowa. "Na shiga share shago na tarar da baƙi shida a jere. Yaya, a fara ba Baba."

Aka yi ta sha har jarka biyu suka ƙare. Sannan ta tsinci gorar daga ƙasa, ta ɗauraye ta sosai, ta buɗe jaka ta fito da farin abin nan mai kama da guntun rake, gefensa da ɗan shaidar ƙafar tebur. Ta kwance gefen zani ta warware takarda.

"Jiya na kai ƙarshenta. Ta ce a cire leda." Ta cire. "Ta ce a murɗa shi a cikin murfi sai ya yi ƙas." Ya yi ƙas. "Ta ce wannan shi ne matacin, in babu shi gora ce kawai irin ta kowa. Ta ce a zubar da ruwan farko. Ta ce ba ta cire gishiri." Ta ɗan dubi mijinta ta ƙasan ido. "Ta kuma ce ta mutum ɗaya ce."

Ta sa aka ɗebo mata ruwan tafkin daga inda ya ɗan kwanta, ta matsa ruwan farko a ƙasa, ta sake cikawa ta matsa a kofin gilashi. Ruwa ya sauko siriri, fari tas, rana na wasa a cikinsa. Ta yi bismillah ta sha, ta ce alhamdulillahi, ta miƙa wa yayanta.

Nasani, da ke laɓe bayan taya, ya yi wuf ya fito, laka har gira.

"Kun gani! Ta tace! A gaban kowa ta tace! Ai na riga na sani! Yaya, miƙo usur!"

"Mijin Auta, kwaɗon ma shaida ne, a kira shi?"

Gardama ta kaure. Wasu suka ce gora ta tace, sharaɗi ya cika. Wasu suka ce a hannun Nasani kwaɗo ta haifa. Aka ce Baba Maigadi ya raba, shi ne babba. Sai da aka yi masa bayani sau biyu da ƙarfi, sannan ya gyaɗa kai.

"Ni abin da na ji shi zan faɗa. A hannun wannan, gora ta ce ƙwaƙ. A hannun wannan baiwar Allah, gora ta tace. Usur na wanda ya karanta takarda ne. Allo kuma a goge."

Direba ya cire usur da hannunsa ya rataya wa ƙanwarsa, yana dariya har cikinsa na rawa. Ta jujjuya shi, ta ce ita ba ta da shago a layi kuma ta bar tukunya a hannun maƙwabciya. Amma kafin ta hau mota ta busa sau ɗaya, fit, ta nuna tafki.

"Baban yara, a je a nemo takalma. Sababbi ne."

Ya tafi.

Da ya dawo gida washegari, ya tarar teburinsa ya koma gefe, kusoshin fanka sun watse ko'ina a ƙasa. Yana durƙushe yana tsinta mai fenti ya iso da tsani, Direba da rabin layi na biye da shi. Aka goge, aka rubuta BAN SANI BA da baƙaƙe manya har na bakin titi na iya karantawa. Nasani ya tsaya yana kallo kamar ana aske masa gemu. Da mai fenti zai sauko, sai ya riƙe tsanin ya raɗa masa wata magana. Mai fenti ya yi dariya, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: AMMA AKWAI MAI KARANTAWA A CIKI.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wata mata da sabuwar fanka a kwali, ta ce a haɗa mata. Nasani ya buɗe kwalin, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ai na riga na..."

Daga cikin gida aka ji fit.

Ya haɗiye sauran, ya zaro takardar daga kwalin, ya karkaɗe ta da ladabi, ya leƙa ta ƙofa.

"Uwar yara! In kin sauke tukunya, zo ki ji mana me wannan kuma ta ce."